Yayana Ya Ce Fasfona Yana Gabansa

Edita, barka da aiki. A lokacin da abin nan ya faru, ina aikin kula da tsofaffi ne a wata ƙasar Turai. Haifaffiyar Narayi ce ni, auta a ɗakinmu, irin wadda in babba ya yi magana ba ta cewa don me. Na daɗe a can har na samu takardar zama, sai dai takardar tana da sharaɗi: in ka daɗe da yawa a wajen ƙasar, ta mutu. Ga Mama kuma tsufa ya kama ta, ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni. Shi ya sa na nemi zama 'yar ƙasar, don in na samu in dawo gida in yi jinyarta iya son raina, ba mai rufe mini ƙofar komawa bakin aikina.

A fom ɗin neman zama ɗan ƙasa akwai inda za ka rubuta duk fitar da ka yi daga ƙasar a shekarun baya, ranar tafiya da ranar dawowa. Nan na tsaya cak. Na sha zirga-zirga zuwa gida, yau bikin wannan, gobe ciwon Baba, sannan rasuwarsa, ni kuwa ba mai ajiye tikiti ba ce. Hatiman shige da ficen duk suna cikin tsohon fasfona, wanda na bari a hannun yayana bayan na sabunta, don shi ke riƙe da takardun gidanmu. Na kira shi na ce ya ɗauki hoton shafukan ya turo mini. Ya ce kyamarar wayarsa ta lalace, amma ga fasfon a gabansa, zai kwafo mini. Da na ce ko ya ari wayar matarsa, sai murya ta canja, ya tambaye ni ko zaman Turai ne ya koya mini tuhumar na gaba da ni. Kunya ta rufe ni, har haƙuri sai da na ba shi.

Ya turo ranakun a jere, tsaf da su. Ba zan ɓoye nawa sakacin ba, na lura zuwana na rasuwar Baba ya yi gajarta. Kun san yadda muke yi, gawa tana kwance a ɗakin ajiya na asibiti har sai dangi sun taru, an gyara gidan ƙauye, coci ta tsayar da rana. Na san na iso tun Baba yana numfashi, ban koma ba sai da aka binne shi, kuma tsakanin nan watanni ne, ba makonni ba. Amma na ce wa kaina mai makoki hankalinsa ba ya jikinsa, hatimi kuwa ba zai yi kuskure ba. In faɗi gaskiya, gajartar ma daɗi ta yi mini. Na kwafe, na sa hannu cewa duk abin da na rubuta gaskiya ne.

Amsa ta zo daga hukumar ƙasar, sun ƙi. Suka ce ranakuna ba su dace da abin da ke cikin na'urarsu ba, kuma a ganinsu da gangan na ɓoye doguwar tafiya. Lauyar da na je wurinta ta ce da tun farko na bayyana cewa takarduna ba su cika ba, ga kimanin ranakun, ko na nemi hukumar ta ba ni bayanin shige da ficena, da abin bai kai nan ba, don ko dogon zaman makokin ana iya yin bayaninsa. Yanzu kuwa sunan maƙaryaciya ne a kaina, sai na jira shekaru kafin su sake saurara ta. Ta ce in kawo tsohon fasfon, ko za a gano inda kuskuren ya fito.

Na ɗauki hutu na zo da kaina. Lokacin yayana ya koma sabon gidansa a Gonin Gora, ya tafi da Mama. Yau ya ce mukulli ya ɓata, gobe ya ce akwatin yana ƙarƙashin kaya. Matarsa ce, muna gyaran alayyafo a kicin, ta ce wane fasfo kuma, ai tun suna Narayi gara ta cinye akwatin takardun, suka ƙone ragowar. Baiwar Allah ba ta ma san ana ɓoyewa ba. Da na tsare shi, sai ya fito da takardun tsarin biki da na jana'iza da ake rabawa a coci, ya ce daga nan ya ɗauki ranakun, ya ƙara mako gaba, mako baya. Na ce, “Yaya, da bakinka ka ce fasfon yana gabanka.” Ya ce, “To so kike in buɗe baki in ce wa ƙanwata na kasa riƙe takarda?” Ko sannu bai ce mini ba. Ban taɓa jin an ci amanata kamar ranar ba, don ya san sarai dalilin da ya sa nake neman takardar nan, Mama uwarsa ce shi ma.

Abin da na koya shi ne, a gaban hukuma “ban tuna ba” ya fi ƙagaggen lissafi, komai tsarinsa. Don Allah duk mai cika irin wannan fom, kada ya sa hannu kan abin da idonsa bai gani ba, ko da daga bakin wanda ya goya shi ya fito. In zuciyarka ta ce akwai gyara, ka tsaya ka bincika, kada ka bi wanda ya fi maka daɗi kamar yadda na yi. Ku ɗauki hoton hatimanku, ku ajiye tikitinku.

Hutuna ya ƙare, dole na koma kafin takardar zaman ma ta kuɓuce mini. Da na shiga sallama, Mama ta lalubo hannuna ta tambaye ni ko wannan ce tafiyar ƙarshe kafin in dawo mata gaba ɗaya. Na ce saura kaɗan. Ban gaya mata shekarun da aka ce in jira ba, don ni kaina ban sani ba ko za ta kai su.