Gasassun Tsuntsayen da Na Kai wa Bature

Tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, wani Bature ya aiko garinmu Rawayya yana son Baba ya raka shi bakin teku, wata biyu, don Baba daga kuka yake gane tsuntsu. Wai hutu za shi, ya kalli tsuntsaye.

"Ya kalla ya yi mi da su, Baba?" na ce.

"Kallo kawai, ɗiyata."

Na riƙe baki. Ga dawarmu ta yi kai, ni da Inna muna korar tsuntsayen jan-baki tun asuba har murya ta dishe. In Baba ya tafi, tsuntsaye za su cinye gonar.

Ba dai tsuntsu yake so ba? Na ɗana tarko, na cika akushi, na gasa da barkono yadda ake yi wa baƙo, na kai masa Gusau.

"Ga su, ka kalla, ka ci, ka bar mana Baba."

Ya ɗaga faifai, ya ja da baya kamar ya ga gawa. Ko ɗaya bai taɓa ba, ga tsoka ga mai! Tafintansa ya ce Bature ba ya son ganin kowa daga gidanmu.

Baba ya yi mako bai kula ni ba, amma tare muka yi girbi.