Gwaggo Rifkatu da marubucin da ya ji tsoro

Duk wanda ya san Gwaggo Rifkatu ya san ba ta iya karatu shiru ba. Faɗa take yi da mutanen cikin littafi. Kana wucewa ta ƙofar gidanta a Samaru sai ka ji ta daka tsawa, wai kada wani wawa ya kuskura ya buɗe ƙofa, ka ɗauka ɓarawo ne, ashe mutumin yana shafi na hamsin. Ta yi ritaya daga koyarwa a firamare, amma jan bironta bai yi ba.

Kun tuna ranar da ta shiga bas za ta kasuwar Sabon Gari? Aka iso tashar PZ kowa ya sauka, ita ko ɗaga kai daga littafinta ba ta yi ba. Direba ya yi magiya har ya gaji, ya sake lodi, ya juyo da ita Samaru. Da ta gama babin ta duba waje, sai ta tambaye shi me yake jira har yanzu bai tashi ba.

Fasto ma bai tsira ba. Bayan sujada takan miƙa masa 'yar takarda: shida bisa goma, ka cika maimaici. Ranar da ya samu takwas, matarsa kaza ta yanka.

Akwai labarin da ban taɓa ba ku ba. Ina aji uku a jami'a, ina haya a Bomo, na tsinci wani tsohon littafin Turanci wajen masu gwanjo. Labarin wata yarinya ne da ta gane zuciyarta ba ta karkata ga maza, ga mace 'yar'uwarta take karkata. Na karanta, kamar leƙa ni aka yi aka rubuta. Gwaggo ce ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata, in ta juya mini baya ba ni da kowa. Maimakon in gaya mata da baki, sai na ajiye littafin a kan teburinta na gudu.

Bayan kwana uku ta aika a kira ni. Na same ta fuska a murtuke, littafin a cinya. Ta ce tunda take ba ta taɓa ɓata lokacinta a kan abin takaici irin wannan ba. Na fara lissafin inda zan dosa.

"Shafi ɗari biyu marubucin nan yana rainon yarinya," in ji ta. "Ya ba ta hankali, ya ba ta baki. Da ta gane ko ita wace ce, sai ya tura ta ƙarƙashin tirela. Tsoro ya ji, Ladi. Ya rasa inda zai ajiye ta ne."

Biyu bisa goma ta ba shi, ɗayan ma don bango mai kyau ne.

Da ƙyar na ce, "Gwaggo, ke a ina za ki ajiye ta?"

Ta cire tabarau. Ta ce ita ba za ta yi ƙarya ba, ba ta gane duk abin da ke damun yarinyar ba, kuma za ta kai maganar gaban Allah. "Amma ɗakin baya babu kowa. Ki kwaso kayanki ranar Asabar. Ki zo da bokitinki, nawa yoyo yake."

Shekara shida na yi a ɗakin nan. Ba ta taɓa titsiye ni da tambaya ba, kuma ku da kuka riƙa zuwa da zancen miji kun san irin sallamar da kuka samu.

Ina kewarki, Gwaggo. Ubangiji ya ba ki hutawa, ya buɗe miki ɗaki a gidansa yadda kika buɗe mini, ba tare da ya titsiye ki ba. Amin.