Amsar da Ighlas Ya Bayar a Rediyo

Duk wanda injin ban ruwansa ya lalace a lambunan Timiya, Ighlas yake nema. Tsoho ne dogo, mai ƙarancin magana, yatsunsa kullum da baƙin mai. Matasan garin ba su san yatsun nan sun taɓa kaɗa jita ba, shi ma bai cika son a tuna masa ba.

Tare suka tashi da Efad, taubashinsa, suna kiwon awaki. Jitarsu ta farko da gwangwanin mai da wayar burkin keke suka haɗa ta, suna karɓa-karɓa. Da suka tasa suka tafi Arlit, suka kafa ƙungiya ta mutum huɗu, suna kiɗa a bukukuwa. Efad ke rera waƙa yana jan kiɗan, Ighlas na bayansa yana riƙe masa amo. Shekara tara yana kallon ƙeyar Efad, mata na yi wa Efad guɗa. Hassada dai ba ta sallama, Ighlas bai san ranar da ta shige shi ba.

A wani biki a Iferwan ta yi aikinta. Da la'asar Ighlas ya hango tsoho Attaher, surukin Efad, can nesa cikin dattawa yana shan shayi. Kowa ya san a al'adarsu namiji ba ya sauke amawalin rawaninsa gaban surukinsa, balle ya buɗe baki ya rera waƙar soyayya. Ighlas ya je ya durƙusa.

"Baba, rana na dukanku a nan. Ga tabarma can gaba cikin inuwa."

Ya kawo tsohon ya zaunar da shi daidai gaban abin magana. Efad ya sauke amawali, ya fara baiti, ya ɗaga ido suka yi ido huɗu da surukinsa. Nan take ya ja rawani har hanci, waƙar ta tsaya cak. Ighlas ya matso ya ƙarasa ta, ya sha tafi.

Bayan biki ya ce wa sauran biyun, "Kun dai gani da idonku. Muryar ta mutu. Na daɗe da sani, rufa masa asiri nake yi."

Efad bai kare kansa ba. Ina zai iya? Kafin ya yi bayani sai ya ambaci surukinsa, kuma wannan wata kunyar ce. Ya rataya jitarsa ya bar ƙungiyar. Kasetin farko da ya yi shi kaɗai kiɗa ne zalla, babu waƙa ko baiti ɗaya, kuma shi ne ya kai shi har ƙasashen Turai. Ƙungiyar kuwa, da Ighlas a gaba, ba ta yi damina biyu ba ta watse, domin muryarsa sai dai a yi haƙuri. Ya dawo Timiya ya koyi gyaran inji.

Sau uku ya yi niyyar zuwa neman gafara, sau uku ya ce sai bayan an tsinke lemo. A haka labari ya zo cewa Efad ya rasu. Abin ya tsaya wa Ighlas a rai, ya rage cin abinci, ya rage fita.

Bara, wata rana da hantsi, yana kwance wani inji, sai gidan rediyo ya sa kacici-kacici a kan marigayin. Mai gabatarwa ya tambaya, "Me ya sa babu waƙa a kasetinsa na farko?"

Ighlas ya goge hannu ya kira. Ya ce, "Ɗana, ƙalau muryarsa take. Surukinsa aka zaunar masa a gaba. Ni na zaunar da shi, ni kuma na ce ta mutu. Ƙarya na yi masa."

Mai gabatarwa ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai, Kawu! Amsa muke so, ba tatsuniya ba. Ba ka ci ba, sai wani jiƙon. Wa ke kan layi?"

Wata mata daga Agadas ta ce, "Muryarsa ce ta mutu a bikin Iferwan. Ai ko a bayan kasetin an rubuta."

"Daidai ne!" in ji mai gabatarwa, ya sa mata tafi.

Ighlas ya sake kira har sau biyar, layin a cike yake. Mai lambun ya leƙo ya tambaye shi ko injin zai tashi yau, bai ji shi ba.