Yashin Zauren Malam Sule

Ina tsakiyar cinikin auduga a kasuwar Malumfashi aka zo mini da labarin: Malam Sule na Ƙarfi ya faɗi a gonarsa, kafin a kawo ruwa rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutumin da shekaranjiya ya ɓara goro ya miƙo mini rabi. Har yanzu zuciyata ta ƙi yarda.

Ni ban yi nisa a karatu ba, ban kuma gaji ko akuya ba. Da jaki ɗaya na fara, yau har Kano an san ayarina. Shi ya sa na taɓa bugun ƙirji a gabansa, na ce ba kayan da ba zan raba daidai ba.

Ya ce, "To Ɗanjuma sarkin rabo, ga dubu sau dubu, ɗora uku a kai. Raba."

Na yi ta fama, ya ƙi rabuwa. Ya ce akwai adadi masu taurin kai, ba abin da ke raba su daidai sai ɗaya, sai su kansu. In ban da biyu da uku, a kasa su shida, ɗaya ke saura ko biyar. Waɗansu tagwaye ne, adadi guda ne kawai tsakaninsu. Wannan da ya ba ni kuwa yana zaton ɗayansu ne, amma ba shi da ɗan'uwa ta gaba ko ta baya. Ya baza yashi a zaurensa yana gwada raba adadin da masu taurin kan da ke ƙasa da dubu, ɗaya bayan ɗaya. Yakan ce, "Ba na shaidar abin da ban gwada ba, ko da adadi ne." Ranar goron nan ya ce mini saura uku.

Da na isa makoki, na tarar da ƙanensa, Malam Idi, riƙe da tsintsiya a zauren, idonsa jawur.

"Ɗanjuma, matsa. Mutane na raɗa wai Yaya bugun ƙasa yake yi. Ba za a ga yashin nan a gidanmu ba."

Sai muryar matar marigayi, Inna Hajo, daga bayan asabari: "Idi, in ka share, ka yarda da su ke nan. Bai taɓa yi wa kowa duba ba. Ɗanjuma ya san abin, a bar shi ya ƙarasa."

Na durƙusa a gaban dattawa. Na gwada ukun nan da babbar murya, ina faɗin abin da ya saura kowane karo. Adadin ya ƙi rabuwa. Liman ya leƙo ya ce, "Wannan ai hisabi ne, irin na rabon gado." Malam Idi ya saki tsintsiyar, ya rufe fuska da hannun riga.

Allah Ya jiƙan Malam Sule, Ya haskaka kabarinsa, Ya sauƙaƙa masa nasa hisabin. Allah Ya bai wa Inna Hajo da Malam Idi haƙuri, Ya raya 'ya'yan da ya bari. Amin.