Gashin Inna a Tsagar Katanga

Wata ranar Laraba da kaka, shekarar da nake aji huɗu a firamare, na dawo daga tsinkar zoɓo na tarar da Inna, mahaifiyata, zaune a gindin darbejiyar gidanmu a Ɗanzomo, matajinta cike da gashi. Ba ta daɗe da dawowa daga asibiti a Kano ba, inda aka fara ɗura mata maganin ciwon dajin da ya kama mata mama. Ta dunƙule gashin ta miƙo mini, ni kuwa na yi yadda aka koya mana: ba a yar da gashin mace a tsakar gida, sai a cusa shi a tsagar katanga don kada ya faɗa hannun mugu.

Kafin a gama sussukar gero tsagogin bayan ɗakinta sun cika. Idan ƙawayena suka kira ni 'yar carafke, sai na fara leƙa matashin kanta. Baba yana zaure yana tufkar igiyar ramar da yake kaiwa kasuwar Maigatari, yana murza sili biyu a cinyarsa. Nan mahaifiyarsa ta same shi ta ce, "Ciwon bai taɓa mata gashi ba sai da aka ɗura mata ruwan nan." Inna ta leƙo ta ce, "Malam, likita ya ce zai sake tsirowa." Baba bai ɗago ba. Ranar komawa Kano ta zo ta wuce, ba a mayar da Inna asibiti ba. Da bazara gashin ya tsiro mai laushi kamar na jariri, gida ya cika da murna, har aka yi sadakar waina.

Sai da na shiga jami'a na gane abin da muka yi wa murna. A cikin ƙwayar halitta akwai DNA, sili biyu a murɗe kamar igiyar Baba, kuma ƙwayar ba ta rabuwa biyu sai ta warware su ta kwafe. Irin maganin da aka ba Inna hannu biyu gare shi: ɗaya ya kama wannan sili, ɗaya ya kama wancan, ya ƙulle su. Ƙwayar da ke gaggawar rabuwa ta ja, igiyar ta ƙi warwaruwa, ƙwayar ta mutu. Ƙwayoyin ciwon daji masu gaggawa ne, saiwar gashi ma haka. Da aka daina maganin, gashin ya samu sarari, ciwon ma ya samu.

Inna ta rasu kafin a yanke geron shekarar, kanta da sabon kitso. Yanzu an shafe katangar da siminti, yara suna jingina da ita suna wasa. Ni kaɗai nake tuna abin da ke ciki.