Mai Sito da Buhunan Tare Ruwa

Shekara goma sha tara Mai Sito yana tsaron ɗakin ajiya na ofishin agaji, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Gajere ne, ga faɗa kamar zakara. Matarsa kan tsokane shi wai siton ne uwargida, ita ƴar rakiya ce. A ciki akwai tamfol da shebur da buhunan da ake cika wa yashi a tare ruwa. Dokar ofis kuwa ɗaya ce: ba a buɗewa sai ambaliya ta yi ɓarna, an zo an ɗauki hoto.

Unguwar bakin rafi kowace damina sai ta nutse. Kowa ya sani, har awakin unguwar sun sani! Amma sai gidaje sun zube ake jero motoci a zo jaje. Bara Mai Sito da hannunsa ya miƙa wa wata tsohuwa tamfol, ta ce, "Ɗana, me zan rufa da shi? Ɗakin ya tafi." Maganar nan ta tsaya masa a rai.

Bana masu hasashen yanayi suka ce ruwa na tafe nan da kwana biyar. Ya sami shugaban ofis.

"Ranka ya daɗe, a ba mutanen bakin rafi buhunan nan yanzu."

"Wani gida ya faɗi ne?"

"Tukuna dai."

"To koma bakin aikinka."

Ransa ya ɓaci matuƙa. Ya san aikinsa zai jefa a wuta, ga yara huɗu a makaranta, amma da hantsi ya wangale ƙofar sito ya aika wa mutanen unguwar. Kwana uku maza da mata suna cika buhu suna jerawa a bakin rafi. Ruwa ya zo da ƙarfinsa, ya daki buhunan, ya wuce. Ko katanga ɗaya ba ta kwanta ba.

Sai ga kwamitin bincike, aka kira Mai Sito. Don Allah ji tambaya!

"Gida nawa ya rushe?" in ji shugaban kwamitin.

"Ko ɗaya."

"Mutum nawa ya rasa matsuguni?"

"Babu, alhamdu lillahi."

Shugaba ya rubuta cewa an fitar da kayan agaji alhali babu wani bala'in da ya auku. Ya turo masa takardar sallama.

Mai Sito ya miƙe. "Wato da na bari ruwa ya cinye su, da yanzu ina da aikina?"

Shugaba bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Da ka bi doka."