Bature Ai Bature Ne

Duk wanda ya zauna Zangon Lome a zamanin Faransi ya san Sabitu mai tsire. In bai ci namansa ba, to ya sha hayaƙinsa, don tukubarsa na daf da ƙofar masallaci. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, ko yana juya tsinke idonsa na kan hanya. Matarsa Lailatu kan ce ita kam iska ta aura.

Abin da ya hana shi sakat shi ne ubansa, Buraima, wanda ya tafi soja a shekarar da yaƙin Turawa na farko ya ɓarke, lokacin Sabitu yana goye. Tun daga ranar ko labari. Uwarsa Asibi ta shekara ashirin da biyar tana jira, malamai sun ce mata ta sake aure, ta ƙi. Bayan kowace salla takan ɗaga hannu ta bi dangi da addu'a ɗaya bayan ɗaya, in ta zo kan mijinta sai ta tsaya cak. Ba ta san ko "Allah ya dawo da shi" za ta ce ba, ko "Allah ya jiƙansa." Sai ta shafa a haka. Sabitu ya tashi yana jin wannan shirun ta bayan katanga, ya kuma rantse sai ya kawo mata amsa kafin ƙasa ta rufe idonta.

Kowa ya san Hausawa sun cika rundunar Ingilishi ta Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, don haka can ya sa gaba. Duk tsohon sojan da ya tsallako iyakar Aflao da lamba a ƙirji, tukubar Sabitu ce masaukinsa. Wanda ya ce ya san Buraima, tsinke biyu kyauta. Wanda ya ce a rami ɗaya suka kwana, har da tsoka mai kitse. Kai, mayunwata ba su da kunya! A shekara goma an samo masa Buraima bakwai. Wani ya mutu a Kamaru, wani ruwa ya ci shi, wani kuma yana nan da ransa a Kumasi. Sabitu ya rufe tukuba ya bi mota har can, ya tarar da wani gajeren mutum da ko Hausa ba ya ji. Ya dawo da ƙura da ɓacin rai, bayan sati ɗaya kuma ya nufi Keta.

A bayan tukubar, taku uku kacal, wani tsohon Bazabarme ke ɗinkin takalma, sunansa Kimba. Da an fara hirar bindiga sai ya tattara basillarsa ya koma gindin bango. Sabitu kan tsokane shi: "Baba Kimba, ko labarin ma tsoro yake ba ka?" Tsohon sai dai ya yi murmushi. Sabitu bai taɓa tambayarsa komai ba, don wa zai nemi zancen yaƙi a wurin baduku?

Da yaƙi na biyu ya tashi, sai masu gadin kumandan Faransi suka shiga Zango suna cigiyar waɗanda suka taɓa yi wa Jaman aiki, don kafin Faransi, Jaman ne da ƙasar. Ran nan bayan la'asar sai ga Kimba da ƙunshinsa a kafaɗa.

"Ɗana, gobe ina tsallaka Aflao, ban sani ba ko in komo. Karɓi wannan, ya daɗe yana mini nauyi."

Ya miƙa masa kan ɗamara na tagulla mai hoton mikiya, da wata laya a jar fata.

"Na ubanka ne. Mu sojan Jaman ne, ni da shi. Kai kana ta nema cikin waɗanda suka ci, mu ko mu ne aka ci. A bakin kogi, kafin Atakpame, harsashin Ingilishi ya same shi. Da hannuna na rufe shi, na juya fuskarsa gabas."

"Baba, shekara goma kana kallona?"

"Ina kallonka. Faransi ba ya son jin sunan Jaman, ni kuma ina son wuyana. Ka yafe mini."

Sabitu ya ji haushi da kunya lokaci guda. Ashe rundunar da ta harbe ubansa ce yake ta ciyarwa. Ya bar nama a wuta ya ruga gida.

"Inna, sojan wa Baba ya shiga?"

"Na Bature mana."

"Wane Bature?"

"Yo Bature ai Bature ne, ɗan nan. Ja ne, da hula kamar ƙwarya. Wa ya taɓa tambayata?"

Gaskiya ta faɗa, bai taɓa tambaya ba. Ya sa mata layar a hannu, ya gaya mata abin da Kimba ya ce. Ta juya ta, ta shafa ɗinkin, ta ce ita ta sayar da akuyarta aka rubuta ta. Ba ta yi kuka ba, ta dai tambaya ko an kira salla.

Da magariba ya tsaya bayan katanga kamar kullum. Ya ji ta bi iyayenta, ta bi 'yan'uwanta, ta zo wurin nan ta tsaya. Shirun ya yi tsawo har ya fara fid da rai. Can sai ya ji muryarta, a hankali: "Allah ya jiƙan Buraima."

Bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Ya ce amin, ya sulale ya zauna a ƙasa, har Lailatu ta kira shi sau uku bai tashi ba.